Raspberry Pi ko Arduino: wanne ya kamata mai sha'awar rediyo ya fara saya?

Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa akwatin rediyo da asuba ana laluben tashar Landan ko ta Jamus a gajeren zango, ya san cewa tsakanin tasha da tasha akwai waɗansu sautuka waɗanda ba labarai ba ne, ba kuma kiɗa ba. Akwai wani ɗit-ɗit mai sauri, akwai fito mai hawa yana sauka, wani lokaci kuma a ji muryar mutum a shaƙe har ba a gane abin da yake faɗa. Wasu daga cikin sautukan nan na masu rediyon sha'awa ne, wato mutanen da gwamnatocin ƙasashensu suka ba lasisi su yi magana da junansu ta iska, ba don kasuwanci ba, sai don neman sani da gwaji da zumunci. Kowannensu yana da lambar kira, kuma farkon lambar shi ne yake nuna ƙasarsa: ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Gana da 9G, ta Kamaru da TJ, ta Cadi da TT, ta Sudan kuma da ST.

A da, shiga wannan harka sai mai hali, domin na'urar aikawa da karɓa ta gajeren zango kuɗinta kan kai na babur. Yanzu ƙananan kwamfutoci masu girman tafin hannu sun sauƙaƙa lamarin ƙwarai, kuma duk matashin da ya fara bincike zai ci karo da sunaye biyu, Raspberry Pi da Arduino. A hoto sun yi kama, masu sayarwa ma kan jera su wuri guda, amma aikinsu ya sha bamban, kuma wanda ya sayi ɗaya yana nufin aikin ɗayan zai yi asarar kuɗinsa, wataƙila ma sha'awar ta fita daga ransa tun bai ɗanɗani daɗin abin ba.

Raspberry Pi cikakkiyar kwamfuta ce. Wata gidauniya da ke Kambirij a Ingila ce ta fito da ita a watan Fabrairun 2012 a kan dala 35, da nufin yara su koyi rubuta manhaja, kuma Eben Upton yana cikin waɗanda suka assasa ta. Ana sa mata memori irin na waya, a kansa ake ɗora babbar manhajar Linux, sannan a haɗa ta da talabijin da allon rubutu, ko kuma a riƙa shiga cikinta daga waya ta hanyar Wi-Fi. Tana da zuriya: Pi 4 ta fito a 2019, Pi 5 a 2023, akwai kuma 'yar ƙaramar Zero 2 W da ta fito a 2021 a kan dala 15. Tana iya gudanar da manhajoji da yawa a lokaci guda, tana shiga intanet, tana ajiye bayanai.

Arduino kuwa ya girme ta, domin a 2005 aka ƙirƙiro shi a wata makarantar zane da fasaha da ke garin Ibreya a Italiya, kuma Massimo Banzi na cikin malaman da suka yi aikin. Ba shi da babbar manhaja ko kaɗan. A kan kwamfuta ake rubuta masa umarni, a tura masa ta wayar USB, daga nan shi ke nan, duk lokacin da ya sami wuta zai kama yin wannan aiki guda ɗaya yana maimaitawa har a cire shi. Samfurin Uno, wanda ya fi yaɗuwa, ƙwaƙwalwarsa tana gudu a megahaz 16 ne kawai, wurin ajiye umarninsa kilobait 32, na aiki kuma kilobait 2. Hoto ɗaya na waya ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Amma wannan ƙarancin shi ne amfaninsa, kamar yadda za a gani nan gaba.

Tambayar farko da mutum zai yi wa kansa ita ce, saurare yake son yi, ko ƙira da hannu? Idan saurare ne, babu wata gasa tsakanin su biyun, Raspberry Pi ce ke da filin. Dalili kuwa wata 'yar na'ura ce mai kama da filashi da ake kira RTL-SDR. Asalinta an yi ta ne don kallon talabijin a kwamfuta, sai a 2012 masu bincike suka gano cewa guntun ƙwaƙwalwar da ke cikinta, RTL2832U na kamfanin Realtek, yana iya miƙa wa kwamfuta ɗanyen abin da eriya ta kamo ba tare da ya sarrafa shi ba. Wato kwamfutar ce za ta zama rediyon, manhaja ce za ta yi aikin da a da sai tarin ƙarafa da wayoyi. Da megahaz ake auna zangon rediyo, kuma irin wadda ta fi yawa tana kamawa daga megahaz 24 zuwa wajen 1,700, tana kuma nuna faɗin megahaz 2.4 a kan allo lokaci guda, ta yadda mutum zai ga tashoshi da idonsa kamar zare-zare masu haske kafin ya zaɓi wadda zai ji. Wannan aiki yana bukatar lissafin miliyoyin lambobi a kowace daƙiƙa, abin da Arduino ba zai iya ko kusantarsa ba.

Aikin da nake ba kowa shawara ya fara da shi shi ne bin sawun jiragen sama. Jiragen fasinja suna watsa lambarsu da tsayinsu da inda suke a kan megahaz 1090, a fili ba a ɓoye ba, domin masu kula da zirga-zirgar sama da sauran jirage su gan su. Ranar da na fara haɗa nawa, eriyar ba ta wuce guntun wayar tagulla mai tsawon santimita 6.9 a tsaye ba, da waɗansu guda huɗu masu tsawo ɗaya da na karkatar ƙasa kamar ƙafafun gizo, na ɗaure ta a kan gora na jingina da katanga. Na kunna manhajar dump1090, na zauna ina kallon taswira babu komai a kanta na ɗan lokaci, sai ga ɗan jirgi ya ɓullo a gefe yana tafiya a hankali, da lambarsa da tsayinsa a rubuce. Na fita tsakar gida na ɗaga kai, ban ga komai ba sai hazo, alhali ga shi gorata ta ji shi. Idan eriyar ta yi sama sosai kuma babu gini ko dutse da ya tare ta, ana kama jirgin da ke nesa da kilomita 200 ko 300. Kamfanoni irin su FlightAware da Flightradar24 suna karɓar irin waɗannan bayanai daga masu sha'awa, suna kuma buɗe musu babban tsarinsu kyauta a madadin haka. A nan ne ƙanƙantar Pi take da rana, domin aiki ne da ake barin sa dare da rana, kuma ba wanda zai sadaukar da babbar kwamfutarsa a kansa.

Akwai wani aikin da ya fi wannan burge ni, kuma mu mutanen Afirka mun fi mutanen Amurka ta Arewa sa'a a kansa. A watan Nuwamban 2018 aka harba tauraron ɗan'adam na ƙasar Katar mai suna Es'hail-2, wanda yake ɗauke da na'urar masu rediyon sha'awa da ake kira QO-100. Yana tsaye cak a sama a digiri 25.9 gabas, dab da inda taurarin Badr na Arabsat suke, kuma nahiyar Afirka gaba ɗayanta tana ƙarƙashinsa. Yana sauko da muryoyi a wajen megahaz 10,489.5 zuwa 10,490, lambar da ta fi ƙarfin RTL-SDR, amma kan farantin satalayit na gida, wato LNB, aikinsa ke nan ya rage megahaz 9,750 daga abin da ya kamo, sai abin ya dawo wajen 739.5 zuwa 740, inda 'yar na'urar take ji sarai. Ma'ana, da tsohon farantin da ke jingine a bayan ɗaki, da 'yar na'urar da za ta tura wa kan farantin wutar bolt 12 ta cikin wayarsa, mutum zai ji Bajamushe yana hira da mutumin Indiya ko na Afirka ta Kudu, murya tas. Matsala guda ita ce kan faranti mai araha yana zamewa daga zango idan rana ta dake shi, to amma akwai manhajojin da ke riƙe wata alama da tauraron ke aikowa kullum su gyara zamewar da kansu. Haka kuma Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa tana magana a megahaz 145.800, a waɗansu lokuta ma takan aiko hotuna ta sauti, waɗanda manhaja ke mayarwa hoto layi bayan layi.

Wanda zuciyarsa ke kan gajeren zango ya lura da abu guda wajen saye: yawancin gajeren zango yana ƙasa da megahaz 24, kuma ba kowace RTL-SDR ce ke sauka can ba. Samfurin V3 da V4 na kamfanin RTL-SDR Blog suna yi, kuma V4 ya fi tsabta a wannan ɓangare. Da shi ne ake shiga duniyar FT8 da WSPR, hanyoyin sadarwa da Joe Taylor ya ƙirƙiro, masanin kimiyyar da ya sami kyautar Nobel a 1993. Ya fito da WSPR a 2008, FT8 kuma a 2017 tare da Steve Franke. A FT8 kowace tasha tana aika ɗan gajeren saƙo a cikin daƙiƙa 15, sai ta yi shiru ta saurara na wasu 15, kuma manhajar WSJT-X tana tsamo saƙon ko da ya nutse a cikin hayaniya har kunne ba ya jin komai. Idan aka saita a megahaz 14.074 da yamma, sai a ga lambobin kira suna zubowa a allo daga Turai da Kudancin Amurka da Asiya. Tashoshin saurare a Afirka ta Yamma kaɗan ne idan aka kwatanta da na Turai, don haka rahoton da ya fito daga Kano ko Damagaram yana da daraja a wurin masu nazarin yadda igiyar rediyo ke tafiya. Sai dai agogon kwamfutar dole ya zama daidai, kuskuren da ya wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu yana ɓata komai, kuma Pi 4 da na gabaninta ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya idan an kashe su. Daga intanet suke karɓar lokaci, don haka wanda yake wurin da sabis ke yankewa sai ya ƙara mata 'yar na'urar GPS.

To, ina Arduino ya yi fice? A duk inda ake bukatar aiki ɗaya a yi shi daidai kan lokaci ba tare da jinkiri ba. Ɗauki makullin aika saƙon Mos, wato ɗit-ɗit ɗin nan da aka ambata a farko. Idan ana aika kalma 20 a minti, tsawon ɗigo ɗaya kashi 60 ne cikin 1,000 na daƙiƙa, kuma ƙwararren mai saurare yana gane idan ya ɗan yi tsawo ko ya gajarta. Linux da ke cikin Pi yana raba hankalinsa tsakanin ayyuka da dama, yana iya tsayawa ya duba wani abu a daidai lokacin da ake bukatarsa, shi kuwa Arduino ba shi da wani abin dubawa. Haka nan yana da ƙafafu shida, wato wuraren jona waya a jikinsa, da ke auna ƙarfin wuta kai tsaye, abin da Pi ba ta da shi sai an ƙara mata wata na'ura, kuma da su ake haɗa ma'aunin da ke nuna ko eriya ta dace da zango ko tana mayar da wuta baya. Ana amfani da shi wajen juya eriya ta fuskanci inda ake so, da sauya eriya daga wannan zuwa waccan, da lura da cajin batir.

Babban abin da ya ɗaukaka shi a wannan fage shi ne haɗa shi da wani guntun ƙwaƙwalwa mai araha da ake kira Si5351, wanda ke samar da zangon da aka umarce shi a cikin iyakar ƙarfinsa. Da waɗannan biyun mutum yana iya ƙera rediyonsa na aikawa da karɓa. Ashhar Farhan, wani injiniya daga birnin Haidarabad na Indiya, ya tsara rediyon uBITX a kan wannan tsari, da Arduino Nano a matsayin ƙwaƙwalwarsa, kuma ya yi shi ne da tunanin mutanen da ba su da kuɗin sayen na Japan. Wanda ya bi wannan hanya zai koyi riƙe ƙarfen narka dalma, da naɗa waya a kan zobe yana ƙirga zagaye, da karanta zanen da'ira, ilimin da ba ya samuwa ta hanyar saukar da manhaja. Yaron da ya saba zama a shagon mai gyaran rediyo ko waya yana kallon hannun maigidansa, wannan hanyar za ta fi shiga ransa.

Yanzu sai maganar da littattafan Turai ba su cika damuwa da ita ba, amma mu ita ce kan gaba, wato wuta da zafi. Pi 4 tana cin wajen wat 3 idan tana zaune, ta kai 6 ko fiye idan aiki ya yi yawa, RTL-SDR kuma ta ƙara wajen wat ɗaya da rabi. Idan aka ɗauka wat 5 ne gaba ɗaya, a awa 24 ana bukatar wat-awa 120, alhali ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 wat-awa 84 kawai yake ɗauka ko da za a tatse shi tas. Ke nan tashar da za ta kwana tana aiki tana bukatar farantin sola da batir mai ɗan girma. Arduino Uno kuwa wajen rubu'in wat yake ci, wannan batir ɗin zai riƙe shi kwanaki. Abin da ya fi cin wutar muni shi ne ɗaukewarta ba zato. Pi tana yawan rubutu a kan memorinta, kuma idan wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, memorin na iya rikicewa har ta ƙi tashi. Ya faru da ni sau biyu kafin in yi hankali: na dawo gida na tarar jar fitilarta na ci amma allo baƙi ƙirin, aikin saiti na mako guda ya tafi. Tun daga nan ban ƙara haɗa ta da wutar gari kai tsaye ba, sai ta bayan batir, kuma ina ajiye kwafin memorin a gefe. Arduino ko sau ɗari aka ɗauke masa wuta a yini, da ta dawo zai ci gaba daga farko kamar ba abin da ya faru.

Zafi ma haka. Idan ƙwaƙwalwar Pi ta kai digiri 80 sai ta fara rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, kuma a ɗakin kwano a watan Afrilu, inda iskar kanta ta haura digiri 40, ba ta daɗewa ba ta kai can ba. Dole a manna mata ƙarfen shanye zafi da 'yar fanka, a kuma riƙa kaɗe ƙurar hunturu da ke toshe su. Pi 5 ta fi sauri, amma ta fi ci kuma ta fi zafi, cajar da aka tsara mata ma mai wat 27 ce, shi ya sa ban ga dalilin sayenta don waɗannan ayyuka ba. Pi 4 mai gigabait 2 ta wadatar, Pi 3 ta hannu ma tana bin jirage lafiya lau. Akwai kuma hayaniyar da caja mai araha da inbata da fitilun zamani ke zubawa a gajeren zango, wadda kan rufe tashoshi masu rauni gaba ɗaya. Sau da yawa lokacin da aka ɗauke wuta a unguwa, kafin a tayar da janareto, shi ne lokacin da mai saurare da batir yake jin duniya fes.

Ta fuskar kuɗi Arduino ya fi sauƙi da nisa. Zanensa a buɗe yake ga kowa, don haka kamfanonin Sin suna buga irinsa da araha, kuma suna aiki, sai dai yawancinsu suna bukatar a saukar wa kwamfuta 'yar manhajar CH340 kafin ta gane su. Amma kada a manta cewa shi kaɗai ba ya yin komai, sai da kwamfutar da za a rubuta masa umarni. Ita kuwa Pi, farashin da ake tallatawa na allon ne tsurarsa. Caja mai kyau, da memori na asali, da akwati, da fanka, da kuɗin kawowa, duk suna kan mai saye, kuma jabun memori ya fi komai jawo baƙin ciki. Wanda zai haɗa su biyun ya kiyaye cewa ƙafafun Pi bolt 3.3 suke ɗauka, na Uno kuwa bolt 5 suke bayarwa, haɗa su kai tsaye yana iya kashe Pi nan take. Akwai kuma 'yan tsakiya, ESP32 mai Wi-Fi a jikinsa da Raspberry Pi Pico na dala 4, waɗanda duk dangin Arduino ne a ɗabi'a duk da sunan na biyun.

Duk abin da aka faɗa game da saurare bai shafi aikawa ba. Aika ko da ɗigo ɗaya ta iska yana bukatar lasisi daga hukumar da ke kula da zangunan sadarwa a ƙasar mutum, kuma ina jan kunne a kan wannan da gaske, domin akwai manhajojin da ke sa ƙafa ɗaya ta Pi ta zama na'urar aikawa. Abin da ke fita ta nan ba shi da tsabta, yana fantsama zuwa zangunan da ba a nufa ba, har da na jiragen sama, idan ba a sa matata ba. Haka nan oba-oba irin Baofeng UV-5R da ake samu da araha, sayenta ba lasisi ba ne, kuma a yankunan da ake fama da matsalar tsaro, ganin ta a jakar mutum a shingen bincike ba tare da takarda ba yana iya jawo masa abin da bai shirya ba. Sauraren ma yana da iyaka: a tsaya a zangunan masu sha'awa da na watsa shirye-shirye da na taurari, a bar maganar jami'an tsaro.

Idan aka ce in zaɓa wa wanda bai taɓa yin ko ɗaya ba, zan ce ya fara sayen RTL-SDR kafin ko wace kwamfuta. Tana aiki a tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, tana aiki a wayar Android da 'yar wayar OTG mai jona kayan USB da waya, don haka zai iya gwada kansa wata guda ya ga ko abin ya kama shi. Idan ya kama shi har ya fara jin haushin kashe tashar da dare, lokacin sayen Pi 4 da batirinta ya yi. Arduino ya zo daga baya, ranar da ya bukaci makullin Mos ko ma'aunin eriya. Wanda kuwa yake ƙauyen da babu wuta babu sabis, ko wanda hannunsa ke ƙaiƙayin dalma fiye da allon rubutu, ya juya jerin, ya fara da Arduino da Si5351 ya ƙera ƙaramin rediyon karɓa. Ko wace hanya aka bi, a ware kuɗin waya mai kyau da doguwar gora tun farko. Don zangon mita 20, wato na wajen megahaz 14 inda ake jin FT8, waya biyu masu tsawon mita 5 da 'yan kai kowace, a miƙe su hagu da dama daga tsakiya, a ɗaga su sama iya iko, nesa da wayar wutar gari da kwanon rufi, sannan a riƙa cire su daga jikin na'ura duk lokacin da hadari ya taso.